Lambu a ƙarshen sanyin Ingila: saƙo zuwa Ajiwa

Yaya, barka da aiki. A Fabrairun da kuke tsinkar tumatir a bakin dam kuna cika kwanduna, a nan Ingila ƙasa a jiƙe take sharkaf, da asuba kuma raɓa ta daskare a kan ciyawa. Alamar sanyi ya fara ja da baya ita ce wasu fararen furanni ƙanana da ke tsirowa a gindin bishiyoyi, masu ruwan ɗorawa su biyo baya a Maris. Amma wannan sanyin mayaudari ne, yana iya dawowa ya ƙone shuka har tsakiyar Mayu, shi ya sa renon tumatir da tattasai a cikin ɗaki ake yinsa, a bakin taga.

Iri a 'yar takarda ake sayar da shi, an rubuta watan shuka, zurfi, tazara da ranar da zai daina aiki. A nan sun fi mu, gaskiya, don mai auna maka iri da murfin kwalba a kasuwa ba zai faɗa maka shekarunsa ba. Sai dai wanda aka rubuta wa F1, wato haɗin iri biyu, ba a ajiye 'ya'yansa don baɗi, ba za su fito kamar uwar ba.

Ƙasar reno ma saye ake yi, buhun lita 50. Ana cika faranti mai ramuka, a sa ƙwaya ɗaya ko biyu a kowane rami, a rufe da ƙasa rabin santimita. Tumatir na son ɗumin digiri 18 zuwa 21, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tattasai ya fi shi son zafi kuma ya fi shi nawa. Abu biyu ke kashe renon. Na farko yawan ruwa: saman ƙasar kan bushe alhali can ciki da ruwa, mutum ya yi ta ƙarawa, sai ka ga tsiro ya ruɓe daga wuya ya kwanta. Gara a ɗaga farantin a ji nauyinsa kafin a ba da ruwa. Na biyu ƙarancin haske: tsiron ya yi tsawo siriri yana neman taga, ba ƙwari. Kafin dashe kuma sai an yi kwana 7 zuwa 10 ana fitar da shi da rana ana mayar da shi da dare.

Dankalin Turawa na shuka a kwalin ƙwai ake jera shi, wuri mai haske da sanyi, har tsiro ya kai santimita 2.

Kada ka wahalar da kanka aiko da irin albasarmu. Ta saba da yini gajere, a nan kuwa yinin Yuni ya wuce awa 16, sai ta yi kai tun tana ƙarama, ta tsaya kamar goro. Kuɓewa sai a ɗakin gilashi. Alayyahu dai yana yi, daga Yuni.

Takin shanu da ake kai maka gona a amalanke, nan a leda yake, da farashi a jiki.