Sharhi Kan Wani Shagon Kayan Shayi a Kasuwar Sabon Garin Zariya

Tun shigowar hunturun bana nake sayen kayan shayi a wani ɗan shago da ke layin masu kayan ƙamshi a Kasuwar Sabon Gari, kuma bayan zuwa huɗu da na yi, na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin matan gida masu haɗa shayinsu da hannunsu. Duk wanda ya san sanyin Zariya na Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke sauka har mutum ya kasa hango dutsen Kufena daga Wusasa, ya san cewa a gidaje da yawa tukunyar shayi ba ta sauka daga murhu tun asuba har bayan isha'i. Surukata ce, wadda ke zaune a cikin birni wajen Ƙofar Doka, ta kwatanta mini shagon, kuma ita mace ce da ba ta cika yabon ɗan kasuwa ba.

Shagon ƙarami ne, mutum uku ba za su tsaya a cikinsa a sake ba. Mai shi dattijo ne, yana da yara biyu masu auna kaya, kuma abu na farko da ya burge ni shi ne yadda ya zuba kanumfari da kirfa da masoro a manyan kwalabe masu murfi, maimakon ya baje su a faranti ƙura da rana suna cinye ƙamshinsu kamar yadda maƙwabtansa ke yi.

Citta ita ce ginshiƙin shayinmu, don haka da ita na fara gwada shi. Busasshiyar cittarsa 'yar Kachiya ce, wadda aka tsaga gida biyu kafin a shanya, kuma idan aka karya ta sai a ga cikinta fari-fari mai ɗan rawaya, da zaruruwa, ƙamshinta kuma yana bugun hanci nan take. Ban sami wadda ƙwaro ya huda ba ko ɗaya a mudun da na saya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun da wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, ta lalata amfanin manoman Kachiya da Jaba da Kagarko, kuɗin citta ya yi tashin gwauron zabi, wasu 'yan kasuwa kuma suka koma cakuɗa sabuwa da tsohuwar da ta kwana biyu a rumbu. Kuɗin da yake sayar da tasa ya ɗara na maƙwabtansa kaɗan, sai dai guda biyu nasa suna yin aikin da huɗu na wasu ba sa yi. Ga mai son sani, busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji saboda shanyawa tana sauya sinadarin da ke cikinta zuwa wani mai zafi fiye da na farko, shi ya sa nake ajiye ɗanyar don zoɓo da kayan marmari, busasshiyar kuma don shayin asuba.

Kanumfarinsa na gwada shi da dabarar da na koya wurin mahaifiyata. Ana zuba ɗan kaɗan a kofin ruwa: wanda mansa yake nan zai nutse ko ya tsaya a tsaye, kansa a sama, wanda kuwa aka tatse mansa ko ya tsufa zai kwanta a saman ruwa kamar tsinke. Cikin ƙwaya 20 da na zuba, uku kacal suka kwanta. Kanumfari ba ma noma shi a nan, daga ƙasashe irin su Indonesiya da Madagaska da tsibiran Zanzibar ake kawo shi, saboda haka yana bin hannuwa da yawa kafin ya iso Zariya, kuma samun mai kyau irin wannan sai an dace.

A kan kirfa ne muka fi daɗewa muna magana da shi. Wadda ya ajiye a gaba ita ce mai kauri, mai duhun ja, mai naɗi ɗaya, wadda ake kawowa daga Sin da Indonesiya da Biyetnam. Da na tambaye shi ko yana da siririyar nan ta Siri Lanka mai naɗi da yawa kamar takarda, wadda ake iya murtsukewa da yatsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ashe kin san kaya," ya ciro ta daga ƙarƙashin teburi. Bambancinsu ya wuce na ɗanɗano. Mai kaurin tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin da yawa, wanda ke iya wahalar da hanta idan aka daɗe ana shansa da yawa, har hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade masa miligiram 0.1 a kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai jefa ɗan guntu a tukunya jefi-jefi ba shi da abin damuwa, amma matan da ke shan garin kirfa cokali-cokali kullum da sunan magani ya kamata su san wace iri suke saya. Na so a ce mai shagon yana faɗa wa kowa wannan, ba sai wanda ya tambaya ba.

Inda shagon ya gaza shi ne garin haɗin da yake sayarwa a ƙananan ledoji, wanda kuma shi ne mutane suka fi rububi a kai saboda sauƙinsa. Na sayi leda biyu. A makon farko ƙamshinsa ya cika gida, amma kanumfari ya danne komai har harshe yana ɗan mutuwa bayan kofi ɗaya, kimbar da ke ciki kuma da alama an niƙa ta da 'ya'yanta, domin akwai ɗaci a ƙarshen kurɓa, kuma duk mai girki ta san cewa ɗacin kimba a 'ya'yan yake. Garin yana da laushi sosai, yana bi ta rariya ya kwanta a gindin kofi. Kafin mako uku leda ta biyu ta koma kamar garin katako, wanda ba abin mamaki ba ne, tun da man da ke ba kayan ƙamshi ƙamshinsu yana tashi da sauri da zarar an niƙa su. Ledar ba ta da rubutu ko ɗaya, babu ranar niƙa, babu jerin abin da ke ciki. Na ce masa, "Alhaji, me da me aka zuba a ciki?" Ya ce, "Sirrin sana'a ne, Hajiya." Na fahimci dalilinsa, amma mai gyambon ciki da mai juna biyu suna da haƙƙin sanin abin da suke sha, kuma rubuta sunayen kayan ba tare da ma'auninsu ba ba zai tona masa asiri ba.

Da kayansa na ɗai-ɗai kuwa na sami shayin da maigidana ya daina tsayawa wurin mai shayin bakin titi saboda shi. Ina zuba ruwa kofi 5, in dandaƙa busasshiyar citta 2, in ƙara kanumfari 5, masoro 4, kirfa tsawon ɗan yatsa da rabin kimba da na cire wa 'ya'ya, in bar su su tafasa a ƙaramar wuta kamar minti 15. Sai na sauke tukunyar sannan nake zuba ganyen shayi, in rufe minti 4, domin ganyen shayi idan ya daɗe yana tafasa baurinsa ne ke fitowa. Na'ana'a a ƙarshe take shiga. Yana sayar da Highland Tea, wanda ake nomawa a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma na same shi yana ɗaukar madara da kyau. Wajen zaƙi na koma mazarƙwaila, wadda yake sarowa daga Maƙarfi, garin rake, kuma tasa ba ta da yashi a ƙasa, abin da ya sa na daina sayen ta wasu wuraren tun da daɗewa. Gorubarsa ma tana da kyau, kuma idan aka jiƙa ɓawonta tun dare aka dafa da citta da safe, yara sun fi son ta a kan baƙin shayi.

Kayan marmari ba ya sayar da su, a Ɗanmagaji nake sayo gwanda da abarba da ayaba, amma abin da ke gyara su a wurinsa nake samu. Idan na dafa mazarƙwaila da ɗanyar citta da ruwa kaɗan har ya yi ɗan kauri, na bar shi ya huce, na zuba a kan yankakkiyar gwanda na matsa lemun tsami, an gama haɗa abin da za a ba baƙo bayan tuwo. Ayaba kuwa tsaga ta nake yi biyu, in ɗan soya a man shanu, in barbaɗa garin kirfar da na daka da kaina. Akwai kuskure ɗaya da na yi wanda laifina ne: na haɗa ɗanyar abarba da madara tun la'asar don baƙin dare, kafin magariba ta tsinke ta yi ɗaci, domin abarba da gwanda suna da wani sinadari mai narkar da abin da ke cikin madara. Tun daga ranar nake fara dafa abarbar da kanumfari 2 da ɗan zaƙi, zafin wuta yana kashe sinadarin, ko kuma in zuba madarar daidai lokacin da za a ci.

Dabinonsa iri biyu ne, busasshe na Nijar da mai laushi na Saudiyya. Na Nijar ɗin ya fi araha kuma ya fi dacewa da jiƙawa a markaɗa da aya da kwakwa, sai dai a sayen farko na sami wasu da ƙwari a ciki, kuma da na mayar ya canza mini ba tare da musu ba. Zumarsa ta daskare a kwalba da sanyin nan, wata maƙwabciyata har ta ce sukari aka zuba, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce ta gaske, ruwan ɗumi kawai ake saka kwalbar a ciki ta narke. Sai dai a kiyaye, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko a shayi ko a kan ayaba.

Wajen ciniki ba ya ragi sosai, amma yana yin gyara mai auki, kuma yaransa ba sa danna sikeli. Yana karɓar kuɗi ta waya, ko da yake a cikin layin intanet yakan yi wahala, har na taɓa tsayuwa kusan rabin awa ina jiran kuɗin su shiga. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, layin kuma yana cunkushewa da masu kura da yamma, don haka hantsi ya fi daɗin zuwa. Na riga na ba shi saƙon ya ajiye mini citta mudu biyu da kirfar Siri Lanka kafin azumi ya matso kaya su ƙara tsada, garin haɗin kuma na ce masa zan sake gwadawa ranar da ya fara rubuta abin da ke cikinsa a jikin leda.