Nonon silikon bayan aikin sankarar mama: abin da ya yi mini da abin da ya kasa

Mata da dama sun tambaye ni a keɓe, wasu ta waya wasu a layin ganin likita, ko nonon roba da ake sawa bayan an cire mama ya ci kuɗinsa. E, ya ci. Sai dai ba kullum ake iya zama da shi ba, kuma akwai watannin da yake zame wa mutum wahala. Na yi sanyi da shi a Kano, na yi bazara da damina da shi, don haka zan faɗi abin da jikina ya gani, mai niyyar saya ta auna da kanta.

An cire mini maman hagu gaba ɗaya, haɗe da kaluluwar hammata. Kafin aikin an yi mini kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, jan ruwan nan da ake kira doxorubicin tare da cyclophosphamide, duk bayan mako 3. Gashin kaina ya fara zuba tun kafin zagaye na biyu, bakina ya yi gyambo, ƙamshin miyar da nake so ya koma tayar mini da zuciya. Bayan aikin aka shiga gashi, wato gasa wurin ciwon da na'ura, Litinin zuwa Juma'a. Yanzu ina kan tamoxifen, ƙwayar da ke rage haɗarin dawowar ciwon, wanda likita ya ce sai an sha shekara 5, wata ma har 10. Na jero waɗannan ne domin kowannensu yana da hannu a yadda fata da kafaɗa suke karɓar wannan abu. Wadda ba a yi wa gashi ba, ko ba a taɓa mata hammata ba, wataƙila ta fi ni samun sauƙi.

Da aka sallame ni, an yi mini bayanin wanke ɗinki da motsa hannu da ranar dawowa. Babu wanda ya ce uffan a kan abin da zan sa a gurbin da aka cire. Na koma gida na yi abin da kusan kowace mace take yi, na naɗe tsohon ɗankwali na cusa a rigar mama. Ba ya zama. Da na ɗaga hannu zan ɗauko wani abu sai ya haura sama ya nufi wuya, in na yi ruku'u ya karkace. Wata nas da ke yi mini wankin ciwo ce ta lura ina ta gyara ƙirji a ƙarƙashin hijabi, ta jawo labule ta ce, "Hajiya, akwai na silikon da ake sayarwa, amma kada ki yi gaggawa. Ki bari ɗinki ya warke, mako 6 zuwa 8. Tunda kuma za a yi miki gashi, ki jira har fatar ta huce." Allah ya saka mata da alheri, maganarta gaskiya ce. Fatar da aka gasa takan yi baƙi ta yi zafi, wani wurin har ta saɓule, kuma ba ta daina ba ranar da aka gama, sai da ta ƙara makonni. A wannan lokacin ko rigar auduga da ƙyar nake jurewa, balle wani abu mai nauyi.

Shi abin, silikon ne mai laushi a cikin wata siririyar fata kamar leda. Gabansa a tashe, bayansa da ɗan kwarmi domin kada ya danne tabo. Idan kin danna da yatsa yana lotsawa ya dawo, in kin ɗora a tafin hannu za ki ji nauyinsa sosai. Akwai mai kusurwa uku wanda ke shiga hagu ko dama, akwai mai ɗan jela da ke miƙewa ta wajen hammata domin cike ramin da aikin ya bari. Mai jelar na ɗauka. Da safe yana da sanyi idan ya taɓa jiki, bayan ɗan lokaci sai ya ɗauki ɗumin mutum.

Nauyin nan shi ne babban amfaninsa, kuma shi ne mutane ba sa ganewa. Yayata da kanta ta ce mini, "Ke da kullum kina cikin hijabi har ƙasa, wa zai gani? Ki adana kuɗinki ki sayi magani." Ba ta faɗa da mugunta ba, ta ga yadda jinyar ta cinye mu. Amma ni ba idon mutane ne ya fi damuna ba. Ni mai cikar ƙirji ce, da aka cire gefe ɗaya sai jikina ya rasa daidaito. Kafaɗar hagu ta riƙa ɗagewa tana lanƙwasowa gaba, kamar ina kare wurin daga bugu, da yamma wuyana da tsakiyar bayana su yi ta ciwo. Rigar mama kuma ta riƙa juyawa gefen da ke da nauyi. Cikin 'yan kwanaki da fara sa silikon na ji na miƙe. Ciwon wuyan bai tafi gaba ɗaya ba, motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mini ya taimaka ƙwarai, amma bambancin a fili yake. A sallah ma ya zauna daram, na daina raba hankalina tsakanin karatu da gyaran riga.

Sharaɗin zamansa shi ne rigar mama mai aljihu. Idan aka sa shi a rigar da aka saba, zai zame, kuma zai goge tabo. Waɗanda ake sayarwa tare da shi suna da tsada, na sayi ɗaya kawai, sauran na kai wa telata mace ta ɗinka musu aljihu ta ciki da yadin auduga mai laushi. Aikinta ya yi daidai da na kanti. A nemi mai faɗin igiya, marar ƙarfe a ƙasa. Wannan ba ƙawa ba ce. Wadda aka cire wa kaluluwa tana cikin haɗarin kumburin hannu, domin hanyar da ruwan jiki ke bi ya koma ta ragu, siririyar igiya mai cin kafaɗa kuwa tana ƙara tare hanyar. Ranar da na wuni da matsattsiyar riga, da dare na ga zoben hannuna ya kama yatsa. Duk wadda ta ga hannunta ya fara nauyi ko kumburi, ta gaya wa likita da wuri, kada ta tsaya shafa man zafi.

Wajen saye akwai matsala. Lambobin girmansa ba ɗaya suke da lambar rigar mama ba, kuma kowane kamfani da nasa awon. Yawancin masu sayarwa a intanet suke, hoto kawai za ki gani, kuma wadda na saya a wurinta ta ce in an buɗe kwali ba a mayarwa. Ga kuɗin ba kaɗan ba, ya kusa cinye mini albashin wata. Na ci sa'a wata da muka yi kemo tare tana da shi, ta bar ni na gwada nata a ɗakinta, daga nan na gane lambar da za ta yi mini. Sai launi. Wanda aka kawo mini fari ne sol mai ɗan ja-ja, an yi shi ne domin fatar Turawa. Akwai kamfanonin da ke yin mai duhu, amma ban samu a nan ba. A cikin aljihu yake, ba mai gani, duk da haka ranar da na buɗe kwalin na ga launinsa kusa da hannuna, raina ya sosu. Mace baƙa da ta rasa sashen jikinta ta cancanci a ba ta abin da ya yi kama da ita.

Babban aibinsa zafi. Silikon ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ga rashin wuta, ga hijabi a sama, wurin yakan jiƙe sharkaf kafin azahar. Ga tamoxifen da nasa zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska ba sallama, ko da tsakar dare ne. Ƙurajen zafi suka feso mini a ƙasan tabon. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne fatar wajen ɗinki ba ta ji sosai, an yanke ƙananan jijiyoyinta, don haka tana iya gogewa har ta yi rauni ba ki sani ba. Sai na mayar da shi ɗabi'a, duk dare in ɗauki madubi in duba wurin da idona. Na kuma riƙa sa ƙyallen auduga tsakanin aljihun da fata, in canza shi idan ya jiƙe. A bazara dai gaskiya ba na sa shi sai zan fita aiki ko unguwa. A gida ina amfani da wani da wata baiwar Allah a cikinmu take saƙawa da zaren auduga ta cusa masa abin filo. Ba shi da nauyi, ba ya gyara kafaɗa, amma yana shan iska, ana wanke shi a shanya, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wadda ba ta da halin silikon ta fara da wannan, babu abin kunya a ciki.

Kula da shi ba wuya. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tawul, a mayar da shi mazauninsa na cikin kwali domin kada ya canza siffa. A nisanta shi da fil da allura da farce, in ya huje silikon ɗin zai riƙa tsattsafowa. Mu da ba ma rabuwa da humra da turaren wuta, a cire shi kafin a hau kasko, kada kuma a shafa masa turare.

Akwai abin da bai yi mini ba, kuma nan ne nake so masu karatu su tsaya. Da dare cire shi ake yi. Duk yadda na wuni cikin mutane ina dariya, in na tuɓe sai na ga tabon nan miƙe daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Watannin farko na sha kuka a banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji. Barci ya ƙaurace mini, ko kaina ya sara sai in ce ciwon ne ya dawo. 'Yan dubiya suna zuwa da "sannu" da "a yi haƙuri, jarrabawa ce", na kuma yarda jarrabawa ce, ban taɓa shakkar hakan ba. Amma a cikinsu akwai masu cewa jifa ne, da na je wurin mai magani da ba a yanka ni ba. Akwai kuma wadda na ji da kunnena tana ce wa maigidana, shi da sauran ƙuruciyarsa, ya fara tunanin ƙaro wata. Ya ce mata, "Gwaggo, a bar maganar nan." Na gode masa, sai dai maganar ta riga ta shige ni, ta daɗe tana cina. Babu silikon ɗin da zai cire irin wannan.

Abin da ya rage mini nauyin shi ne matan da muka haɗu a ɗakin kemo. Muna da zaure a WhatsApp, a nan mace za ta rubuta da ƙarfe biyun dare cewa ta kasa barci, ta samu mai amsa mata. A nan na koyi kurkure baki da ruwan gishiri, na koyi cewa zazzaɓin da ya kai digiri 38 a tsakiyar kemo ba na jira ba ne, asibiti ake tafiya ko da dare, domin a lokacin garkuwar jiki ta yi ƙasa. A nan kuma wata ta matsa mini in gaya wa likita halin da zuciyata ke ciki. Na faɗa masa, bai yi mamaki ba, ya tura ni sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na je da jin nauyi, na dawo da sauƙi. Damuwar da ta wuce mako 2 tana hana ci da barci ciwo ce da ake dubawa, kuma neman maganinta bai rage wa kowa tawakkali ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata kusan miliyan 2.3, ya kuma kashe kimanin 670,000. A Najeriya shi ne kan gaba a cikin sankarar da ke kama mata, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ya yi nisa. Rashin kuɗi na ciki, amma tsoron yanka ma na ciki, na gani da idona. Wata yarinya mai goyo ta zauna kusa da ni a layi, an ba ta ranar aiki tana cewa ba za ta dawo ba, gara ta mutu da jikinta cikakke. Na ce, "Ƙanwata, dube ni da kyau, wane gefe aka cire mini?" Ta duba ta kasa faɗa. Na ja ta bayan labule na ciro shi na ɗora mata a hannu. Ta juya shi, ta danna, ta ce, "Anti, dama akwai irin wannan?" A Ingila asibitin gwamnati ne ke auna mace ya ba ta shi kyauta. Mu ba mu kai nan ba, amma ajiye samfuri biyu ko uku a ɗakin da ake yi wa mata bayanin aiki bai fi ƙarfin kowane asibiti ba. Duk watan Oktoba ana gangami a kan duba mama da kai, hakan yana da kyau, ina so a riƙa haɗawa da bayanin yadda mace ke rayuwa bayan aikin.

Ga mai cikar ƙirji da ke fita aiki ko kasuwa, ina ba ta shawarar ta saya, bayan fata ta warke, bayan kuma ta gwada na wata. Mai ƙaramin jiki da yawancin zamanta a gida ne, na saƙa zai iya isar ta. Ana cewa yakan yi kamar shekara 2 kafin ya buƙaci canji, nawa har yanzu bai huje ba, sai dai fatar gefensa ta fara tattarewa. Jikina ma ya ƙaru tun da na fara tamoxifen, don haka sai na sake awo. Idan lokacin ya yi, samfurin da aka rage wa nauyi zan nema saboda hannuna, mai duhun launi, ko da sai na ba da saƙo daga waje.