Fasa ƙwayar zarra ko haɗa ta: wanne ke kawo wuta?

Hanya biyu ce ake tatsar makamashi daga cibiyar ƙwayar zarra: ko a fasa mai nauyi irin ta yuraniyam, ko a haɗa marasa nauyi irin na haidirojin, yadda rana ke yi.

Fasawa ta daɗe tana aiki. Tun 1954 Tarayyar Sobiyet ta kunna tashar Obninsk mai megawat 5, yau kuma kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga fasawa yake fitowa. Yuraniyam ɗin Arlit ma ya jima yana ciyar da irin waɗannan tashoshi. Aibinta sharar da ke shafe dubban shekaru tana da guba, ga kuma fashewar da aka yi a tashar nukiliya ta Canobil, a Yukren, a 1986.

Haɗawa ba ta barin shara mai daɗewa haka, amma sai an kai zafi ya haura digiri miliyan 100, galibi a tsare shi da maganaɗisu cikin na'urar tokamak, wadda ita ma 'yan Sobiyet suka ƙirƙiro. Ana can ana gina wata babbar tokamak mai suna ITER a kudancin Faransa, jinkiri kan jinkiri, kuma gwaji ne kawai, ba zai ba kowa lantarki ba. A ganina, ƙasar da ke fama da duhu yanzu, fasawa ce zaɓinta.