Na sa an cire ignaita daga cikin distributa, ga abin da na gani bayan bazara ɗaya

Motata tsohuwa ce, ƙirar 1992, irin mai distributa, wato na'urar da ke raba wuta zuwa fulogogin injin. Da safe ba ta da wata matsala. Amma da zarar rana ta take a watan Afrilu, na shiga cunkoson titin Zariya a Kano, sai ta mutu kamar an kashe makulli. Ka yi ta murza makulli, injin na juyawa, wuta ba ta zuwa fulogi. Ka buɗe bonet ka zauna kamar rabin awa, ta tashi lafiya lau. Sau biyu ina sayen ignaita, 'yar na'urar da ke sarrafa wutar fulogi, a Ƙofar Ruwa, har famfon mai na canza a banza.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota ne ya gano bakin zaren. Ya ce mini, "Alhaji, ba kayan ne marasa kyau ba, wurin zamansu ne." Ignaita ita ce ke kunna wutar koyil (abin da ke ƙara wa wutar batir ƙarfi) tana yankewa a daidai lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi, kuma ita kanta tana yin zafi. To a motata tana cikin distributa, manne da injin da ke tafasa. Zafi kan zafi ke nan. Ba sabon abu ba ne ma: a Amurka, kamfanin Ford ya ɗora irin wannan na'ura mai suna TFI a jikin distributa a shekarun 1980, aka kai shi kotu a Kalifoniya kan mutuwar motoci a hanya, aka sasanta a 2001. A wasu motocinsa na baya sai ya mayar da ita gefe, kan farantin alminiyam.

Haka shi ma dattijon ya yi. Ya ciro ta, ya ɗaura ta a kan farantin alminiyam mai haƙora, ya kafa a bangon gefe can gaba inda iska ke shiga, nesa da bututun hayaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne farin man da ya shafa tsakanin ignaita da farantin, irin wanda ake sa wa kwamfuta. Ya ce in babu shi, zafin ba zai ratsa zuwa alminiyam ɗin ba, aikin ya tashi a banza. Wayoyin ma da dalma ya haɗa su, bai murɗa da hannu ya naɗe da salatif ba.

Sai dai akwai inda aka samu tangarɗa. A makon farko injin ya riƙa ɗan fizga, allurar gudun injin tana rawa. Ashe ya bi da sabbin wayoyin kusa da wayoyin fulogi, wutar can tana shiga siginar ignaita. Na koma, ya sauya musu hanya, ya ƙara wayar da ke kama jikin mota, bai karɓi ko sisi ba. Da ya yi hakan tun farko da ya fi, domin na tsorata ƙwarai.

Tun daga nan ba ta sake mutuwa ba. Na je Katsina da ita na dawo a tsakiyar Mayu, da iyali a ciki, hankalina kwance. Abin da na kashe bai kai kuɗin ignaita biyun da na zubar ba. Yanzu abin da nake kiyayewa shi ne ruwa: duk ranar wankin injin, da kaina nake rufe wurin da leda kafin yaran su sa tiyo.