Na'urar BVAS a rumfunan zaɓen Katsina: ina ta yi rana, ina ta gaza

BVAS ita ce na'urar da hukumar INEC ta kawo a 2021 ta maye gurbin tsohuwar na'urar karanta kati. Girmanta bai wuce na babbar wayar hannu ba, da wurin ɗora yatsa da kyamara. Aikinta biyu ne: tantance mai zaɓe, da ɗaukar hoton takardar sakamako ta EC8A a tura shafin IReV, wato shafin intanet na hukumar inda jama'a ke duba sakamakon rumfuna.

A wajen tantancewa ta cancanci yabo. Malamin zaɓe zai karanta lambar da ke jikin katin, ko ya shigar da lambobin ƙarshe na VIN, wato lambar rajistar mai zaɓe, sunan mutum ya fito, sai a gwada yatsa. Idan yatsa ya ƙi, a koma fuska. Wannan mataki ba ya buƙatar sabis, domin rajistar rumfar tana cikin na'urar tun daga ofis, don haka ƙauyen da waya ba ta shiga ma ana iya aiki. Babban amfaninta shi ne tana riƙe adadin waɗanda aka tantance, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'u suka zarce wannan adadi, a soke zaɓen rumfar. Aringizon ƙuri'a ya sha kashi a nan.

Matsalar yatsa kuwa tamu ce ta gida. Zaɓe kan faɗo a ƙarshen hunturu, hannun manomi ya yi kaushi ya tsattsage, mata kuma ga lalle. A goge gilashin da yatsan, a ɗan jiƙa shi, sau da yawa yakan karɓa. Fuska ma tana gardama idan rana tana bayan mutum, ko hoton rajistar tun na 2011 ne. A juya shi ya fuskanci haske a inuwa. Batir kuma sai an zo da na ko-ta-kwana a cike, in ba haka ba layi ya tsaya ana jiran ma'aikacin gyara na mazaɓa.

Inda ta ba da kunya shi ne tura sakamako. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV a kan lokaci, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wasu hotunan da suka hau ma dishi-dishi ne, ba a iya karanta alƙaluman. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne. Saboda haka wakilin jam'iyya kada ya bar rumfa sai da kwafinsa na EC8A mai sa hannu da hatimi.

Akwai kuma abin da ba laifinta ba ne, amma masu neman gyaran zaɓe su lura. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Atiku na PDP ya samu ƙuri'a 489,045 a Katsina, Tinubu na APC 482,283, kusan raba daidai. Duk da haka kujerun sanata uku na jihar APC ce ta kwashe, domin a tsarinmu wanda ya fi da ko da ƙuri'a ɗaya ya ɗauke kujerar, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. Kwamitin Mai Shari'a Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2007, ya ba da shawarar a ƙara kujerun majalisa da za a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Wannan sai an taɓa kundin tsarin mulki, kuma gyaran yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, har da tamu mai kujeru 34.