Bakaniken da ya saurari injina kafin ya ɗauki sifana

Injina Lista ne ƙirar Indiya, mai fistin ɗaya, doki 6, yana juyi 650 a minti. A ƙauyenmu da ke kusa da Kware babu wutar gwamnati, don haka da rana niƙa yake yi, da dare ya ja janareta don cajin waya da firij. A watan Afrilu, tsakiyar zafi, ya fara wata ƙara daga ƙasa, ƙum, ƙum, musamman in na ɗora masa nauyi. Na canja nozul, wato bakin da ke fesa man dizal cikin injin, amma ƙarar tana nan.

Aka haɗa ni da wani dattijon bakanike a cikin Sakkwato. Da ya sauka daga kabu-kabu bai kwance komai ba. Ya ce a tayar da injin, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ya manna mariƙin a kunne, yana bi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Alhaji, wanga ba nozul ba ne. Ƙarar nozul siririya ce, a sama take. Wagga mai nauyi ce, metal na konrod ne." Konrod shi ne sandar da ke haɗa fistin da kuran (ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin), metal kuma shimfiɗar ƙarfe mai laushi ce a tsakaninsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a kunne ba. Ya tsiyaye baƙin man a farar tasa, ya fita da ita rana, sai ga ɗigo-ɗigo na ƙyalƙyali kamar garin kwalli. Ya zura maganaɗisu, bai kama su ba, alamar farin ƙarfen metal ne ke cinyewa yana zuba a mai, ba ƙarfen kuran ba. Ya buɗe murfin gefe, ya kama konrod ya jijjiga sama da ƙasa, ya sa ni ma na ji wasan da hannuna. Ya sa ƙarfe ya ɗaga fulawil, babbar ƙafar ƙarfen nan da ke juyawa a gefen injin, bai motsa ba, wato manyan boris da ke riƙe kuran lafiya lau.

Da ya cire metal ɗin, farin ya cinye har jan tagulla ya fito. Ya ja farcensa a kan kuran, bai maƙale ba, ya auna, ya ce ba sai an kai shi a yanke a daidaita ba. A ƙasan tukunyar mai ya kwaso laka mai tsakuwa: ƙurar hunturu da ragowar yashin zubi da irin waɗannan injuna ke zuwa da shi. Laifina ma yana ciki, na bar mai ya yi ƙasa har cokalin da ke watsa shi ba ya ɗiba sosai.

Inda na ga gazawarsa, kwana biyu na jira shi, ba ya ɗaga waya, kuma kuɗinsa ya fi na yara. Duk da haka shi zan sake kira. Ya wanke tukunyar da kananzir, ya sa sabon metal, ya ce in bar injin ya yi awa ɗaya ba nauyi. A daren nan firij ya yi ƙanƙara.