Ruwan zarto mai haƙora uku a inci: wata huɗu ina aiki da shi

Na daɗe ina son in riƙa tsaga katako mai kauri gida biyu da hannu, shi ya sa na haɗa zarton firam irin wanda kafintan Faransa André-Jacob Roubo ya zana a littafinsa da ya fara fitowa a 1769: katakai huɗu, ruwan zarto a tsakiya, noti a gefe ɗaya yana ɗaure shi. Firam ɗin bai ba ni wahala ba. Ruwan ne na sha nema.

Da farko na yanko ruwan zarton inji na ɗaura. Faɗinsa bai kai inci ɗaya ba, sai ya riƙa murɗewa a cikin katakon yana barin layi. Ga shi an gasa bakin haƙoransa sun yi tauri, magagari ba ya cin su, ba damar wasawa.

Sai na yi odar wannan daga wani mai ƙera zarto. Tsawonsa inci 48, faɗinsa inci 4, ƙarfen 1095 ne mai lanƙwasa ya dawo daidai, haƙora uku a kowane inci. Ranar da na ɗora shi kan katako mai faɗin inci goma na gane amfanin manyan haƙora. Ramin da ke tsakanin haƙori da haƙori shi ke kwasar garin katako ya fito da shi waje. In haƙoran ƙanana ne, ramukan kan cika tun ruwan bai ratsa katakon ba, sai ka yi ta turawa zarto na gogawa kawai. Wannan kuwa garin zuba yake a ƙasa, har barbashi-barbashi. Faɗinsa ma na taimakawa: da zarar ya shiga inci biyu, shi ke riƙe kansa a miƙe.

Abin da bai yi min daɗi ba, mai sayarwar ya ce a wase yake, alhali buga haƙoran kawai aka yi. Kuma karkatar da aka yi musu, ɗaya dama ɗaya hagu, ta fi yawa a ɓangare guda, zarton yana ta ja hagu. Yini guda na ɓata da magagari mai kusurwa uku ina bin haƙora sama da 140, sannan na ɗan shafa dutsen wasi a gefen da ya yi yawa. Ya kamata a faɗa wa mai saye gaskiya tun farko.

Fara yanka da shi akwai wuya, don yana tsalle. Nakan fara buɗe hanya da ƙaramin zarto a kewayen katakon, in shafa wa ruwan kakin zuma, in riƙa juya katakon lokaci-lokaci. Wanda ya iya wasa zarto ya saya, zai ji daɗinsa. Wanda bai iya ba ya tabbatar an wasa masa kafin a aiko.